Kazar da ke Riƙe da Inna

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙarin da ke cikin Inna irin wanda ake cirewa ne a zauna lafiya, amma ba zai sa mata wuƙa a yadda take ba. Ya sa nas ta ɗora ta a sikeli, irin mai allura ɗin nan, sannan ya aza bakin bironsa a kan wani layi da ke gaba da inda allurar ta tsaya. Ya ce ranar da nauyinta ya kai nan, ranar zai ba mu lokacin aiki. In kuwa ta ci gaba da zubewa, shi ƙarin ba jiranmu zai yi ba.

Inna ta dubi sikelin ta ce ashe yanzu sai an auna mutum kamar buhun masara kafin a yanka shi. Nas ta yi dariya. Ni ban yi ba, don na san abin da ke jirana a gida.

Inna ba ta iya cin abinci. Ba taurin kai ba ne, ciwon ne ya lalata mata hanci. Nama wari yake mata, kifi kuwa ko sunansa ba ta so, madara ta ce ƙamshin kwali take yi. Na sayo ƙwai a kanti, ina fasawa a kicin ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambayar wanda ya buɗe mata ƙarni a gida. Cokali biyu na shinkafa in ta ci, sai ta ture kwanon ta juya fuska bango.

Daga ni sai ita a gidan. Baba ya rasu tun ina sakandare. Yayana direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya take, ya fi zuwa mana ta waya. Ni na gama jami'a a fannin kimiyya da sakamakon da ba na jin kunyar faɗa, har wani kamfanin magunguna ya kira ni aiki a wani gari mai nisa, na ce ba inda za ni. Na kama koyarwa a wata ƙaramar makaranta da ke bayan layinmu, don in riƙa leƙowa gida duk lokacin da yara suka fita cin abinci. Ba wanda ya sa ni, kuma ba na son a tausaya mini a kai.

Wata rana da hantsi na shigo, na zagaya bayan gida ɗebo shanya, sai na tarar kazar maƙwabta ta tsallako katanga ta yi ƙwai a cikin tsohon kwandon wankinmu. Na ɗauka na ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga hammata. Na kai wa Inna ne kawai don ta gani ta yi murmushi. Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta kai hanci, ta manna shi a kumatu, sannan ta ce, “Auta, dafa mini shi. Kada ki bari ya yi tauri.”

Ta cinye shi tas da ɗan gishiri. Da ta gama ta tambaya ko akwai sauran burodi, ta goge cikin ɓawon da shi. Daga baya ta sha rabin kofin shayi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ina tsoron kada in yi magana abin ya gudu.

Washegari na tafi kasuwa na dawo da kaji uku a kwali. Akurkin da hannuna na haɗa shi, da tsohuwar ƙofar banɗaki, da ragowar kwanon rufi, da wayar raga, tsakanin tankin ruwa da bishiyar lemun tsami. Guduma ta ci mini babban yatsa har farcen ya yi baƙi. Na sa musu sunaye. Jar, mai ƙiba, mai tafiya da ƙirji a gaba tana duban kowa ta gefen ido, na sa mata Firinsifal. Mai tarwatsattsen gashi ta zo da sunanta, Fingi. Ta ukun budurwa ce, kullum ita ce ƙarshen fitowa ita ce ƙarshen shiga, na sa mata Makara. Inna ta ji ina kiranta ta taga, ta ce in yi wa Allah in sake mata suna, ba za a riƙa kiran makara da sassafe a gidan mai jiran tiyata ba. Ta koma Latti.

Cikin ukun, Firinsifal ce kaɗai ta ɗauki aikin da gaske. Fingi ta yi 'yan ƙwai ta shiga kwanci, ta lafe a kusurwa tana hura wuya, ko da ba komai a ƙarƙashinta. Latti kuwa ba ta ma fara ba. Amma Firinsifal kusan kullum da hantsi sai ta shiga kwandon, ta zauna kamar mai sauraron ƙara, ta fito tana kyarkyara har a ji ta a ajin da nake koyarwa in iska ta juyo. Ina jin an kaɗa ƙararrawa sai in ajiye alli in nufo gida.

Wanda bai taɓa riƙe ƙwan da aka saka yanzu ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Yana da nauyi a hannu fiye da girmansa. Ɓawon ba ya sheƙi, yana da ɗan kaushi kamar an barbaɗa masa gari, kuma ba ya warin komai sai ɗan ƙamshin busasshiyar ciyawa. In ka fasa shi a faranti, gwaiduwar tsaye take zama, ja-ja kamar rana dab da faɗuwa, farin kuma ya kama ta ya riƙe, ba ya malalewa kamar ruwan wanki. In an dafa, ɓare shi wahala, don ɓawon manne yake da jiki, shi ya sa nake fasa kansa da bayan cokali in miƙa mata a ƙaramin kofi. Amma kafin ya shiga tukunya dole ya bi ta hannun Inna. Sai ta ji ɗuminsa a kumatunta tukuna take yarda.

Ƙwai ɗaya ba ya sa mutum ƙiba, na fi kowa sanin haka. Abin da yake yi shi ne buɗe hanya. In ya shiga, burodi ya bi shi, da rana shinkafa ta samu wuri, da yamma har ayaba takan nema. Ranar da Firinsifal ta huta, ranar sai lallashi. Duk lokacin da muka koma asibiti, allurar sikelin ta ɗan matsa gaba. Nas ta fara tambayata me nake ba ta, na ce sirrin gida ne.

Dangi kuwa sun samu abin taunawa. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ita ce kan gaba. Ta zo dubiya ta same ni tsugune ina kankare kashin kaji da guntun kwano, ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce ashe duk wahalar da ɗan'uwanta ya sha a kan karatuna a akurki zai ƙare, ita da ba ta taɓa shiga aji ba kajinta sun fi nawa yawa, da an sani ai da ita aka ba digirin. Na ce mata ba komai, in ta shirya zan ara mata rigar ta ɗauki hoto. Ta ce bakin nan nawa shi ya kori maza daga layinmu. Na ce to ya yi aiki, an samu sauƙin cunkoso. Inna na kwance tana jin mu, tana dariya tana riƙe ciki.

Ana haka Yaya ya bugo waya daga hanya. Ina kusa, na ji abin da Inna ta gaya masa da kunnena. Ya tambaye ta me take iya ci, ta ce, “Ni yanzu jar kazar nan ta Auta ce ke riƙe da ni. In ba nata ba, ba abin da ke shiga.” Yana tsaye ne a bakin titi, motoci na wucewa, ƙarar har tana fitowa ta wayar. Ya ce to, to, ya ji, yana nan tafe cikin makon.

Ranar da ya iso ina makaranta. Da aka fita cin abinci na taho kamar kullum. Tun daga bakin layi na lura ban ji kyarkyara ba, na ce ko yau ranar hutunta ce. Ina tura ƙofa ƙamshin tafasasshen nama ya tare ni. A bakin rariya ga jan gashi jiƙe, an tara shi gefe guda da tsintsiya. Yaya na tsugune gaban risho, ya naɗe hannun riga, yana fifita tukunya da murfin kwali, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya yi abin kirki.

“Auta, kin dawo? Na hutar da ke,” in ji shi. “Na san kin saba da ita ba za ki iya ba. Ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta.”

Na tambaye shi wacce ya yanka, ko da yake gashin ya riga ya gaya mini. Ya ce jar mana, wadda Inna ta ce ranta na so. Ya shigo ya tarar tana barci, ya ce bari ya yi mata ba-zata, ta farka ta ga romo. Har yana ƙorafin ta ba shi wahala wajen kamu, sai da suka zagaya tankin ruwa sau da yawa.

Ban yi ihu ba. Na shiga kicin, na ga kayan cikin a faranti. Cikinsu ga ƙwai guda cikakke, ɓawonsa bai gama ƙwari ba, na ranar ke nan. Bayansa ga gwaiduwa jere kamar zaren dutsen wuya, babba, mai bi mata, har zuwa ƙanana kamar ƙwayar gero. Na ɗauko farantin na ajiye masa a gaba.

“Yaya, ka ga wannan? Na yau ne. Wannan na gobe, wannan na jibi. Abincin Inna ne ka zubar har na mako mai zuwa. Ƙwanta take ci, ba ita ba.”

Ya dubi farantin, ya dube ni. Murfin kwalin ya tsaya a hannunsa. Ya ce shi wallahi kaza ya ji an ce. Na ce ai kaza aka ce, sauran maganar ce mota ta taka.

Muryarmu ta tashi Inna. Da ta gane abin da ya faru, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ya kawo romon, ɗanta ya dafa da hannunsa ai sai ta sha. Ta kai cokali baki don kada ransa ya ɓaci, ta haɗiye, ta sake kai na biyu. Na uku bai kai ba ta nemi roba. Yaya ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon katanga. Naman kuwa maƙwabta aka rarraba wa, ba wanda ya iya ci a gidanmu.

Da labari ya kai ɗakin malamai, malamin lissafi ya miƙe ya haɗa hannu ya ce mu yi wa Firinsifal addu'a, an yanka ta jiya da hantsi, Allah ya sa ta huta. Daidai nan shugabar makarantar ta shigo da rajista a hammata. Sai da na yi bayani mai tsawo, kuma ban ga alamar bayanin ya yi mata daɗi ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu wuya. Yaya ya sayo kiret guda na ƙwan kanti ya ajiye a kicin. Na yi dabara: na ɗauki ɗaya na tura ƙarƙashin Fingi mai kwanci, ta sassare ni a hannu, na bar shi ya ɗauki ɗumi, na kai wa Inna. Ta manna a kumatu, ta kai hanci, ta miƙo mini. Ta ce ɗumin na kaza ne, amma ƙwan ya kwana a mota ya fi a ƙirga. Duk da haka ta ce in dafa ta gwada. Ta gwada, bai zauna ba. Latti kuma har lokacin tana yawonta kamar ba ita ake jira ba.

Kafin ya koma hanya Yaya ya sake shigowa da kwali. Kaji biyu ne na gidan gona, irin waɗanda suka gama aiki a keji ake sayarwa don yanka. Wuyansu da bayansu ba gashi, an datse musu baki, zankonsu ya yi fari ya kwanta. Da na sauke su a ƙasa suka tsaya inda na ajiye su, ba su san ana tafiya ba, ba su san ana tono ba. Ya ce mai gonar ya rantse masa suna yin ƙwai. Na ce na gode, ita ce kalmar farko da na ce masa tun ranar. Ɗaya ba ta yi kwana nawa ba ta mutu. Ɗayar Inna ta leƙo ta taga ta sa mata Sanƙo.

Muka koma asibiti, allura ta ja da baya. Likita ya duba hoton cikin da aka sake ɗauka, ya ce ba ya son yadda abin ke tafiya, zuwa na gaba in ba ta kai layin ba sai dai a sake shawara. Ban tambaye shi wace shawara ba.

A duk danginmu da unguwarmu mutum ɗaya na sani da ke da kaji masu yin ƙwai kullum. Na kwana ina juya abin, da gari ya waye na shiga motar haya na tafi can ƙarshen gari gidan Gwaggo. Na same ta tana watsa dusa. Na gaishe ta yadda ya kamata, na durƙusa har ƙasa, sannan na ce ƙwai na zo roƙo, mai ɗumi, kullum, har a yi wa Inna aiki.

Ta ce ikon Allah, yau jami'a ta zo ɗaukar darasi. Na ce eh, ta zo. Ta jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Na nemi ta ara mini kaza guda in tafi da ita, ta ce kaza in ta sauya gida sai ta yi yaji ta daina ƙwai, kafin ta huce lokaci ya tafi. Na san gaskiya ta faɗa. Ta nuna mini wata wake-wake mai gajerun ƙafafu, ta ce wannan ita ke riga kowa, da fitowar rana take sauke nata. In ina so, in zo in jira ta da kaina, ita ba ta da ɗan aike.

Haka na koma yi. Ina idar da sallar asuba in fita, in tarar da Gwaggo a kan kujerarta 'yar tsugunno, in zauna a bakin akurkinta muna jiran kaza. Kazar ba ta sauri, Gwaggo kuma ba ta gajiya. Ta yi mini lissafin sa'o'ina da suka yi aure, da masu goyo, da masu na biyu. Ta ce wai ni da aka kira aikin kamfani, ga ni ina gadin gindin kaza. Wata rana ina shanyewa, wata rana ina mayar mata. Na lura ranar da na mayar ta fi walwala, har takan miƙo mini shayi. Da wake-waken ta tashi sai in ɗauke ƙwan in zura shi cikin safar Baba ta ulu, in dunƙule a tafin hannu a ƙarƙashin mayafi, in nufi titi.

A motar haya kowa da abin da yake karewa, wani aljihu, wani waya. Ni hannuna nake karewa. Kwandasta ya taɓa tambayata ko ciwo ne da hannun, na ce eh. Wata safiya direba ya taka burki da ƙarfi, wani mai buhu ya faɗo mini, na ji abin ya fashe a tafina, ɗumin ya bi ta tsakanin yatsuna. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri bai san ma me ya yi ba. Na sauka na tsallaka titi na koma. Gwaggo ta ga safar, ta shiga akurki tana ɗaga kaji ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta sauke. Na zauna har hantsi ya ɗaga sannan wata ta yi. Ranar na rasa darasi biyu, shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce in zaɓa tsakanin aji da akurki. Na ce mata in dai zaɓi ne na riga na yi, amma in ta mayar da darussana bayan hantsi ba za ta rasa malamar kimiyya ba, kuma ta san ba ta da wata. Ta bubbuga biro a tebur. Aka sauya jadawalin.

Ƙwan yakan iso gida da sauran ɗumi, rabi na kaza rabi na hannuna. Inna ba ta taɓa tambaya ba, ta dai manna a kumatu ta ce a dafa. Burodi ya dawo, shinkafa ta dawo.

Ita kuwa Sanƙo, da yamma nakan zauna da ita. Na riƙa tona mata ƙasa da tsinke a gindin lemun tsami tana kallo, har ranar da ta ga tsutsa ta kai sara, bakin ya goce, ta sake. Na daka mata ɓawon ƙwai na haɗa da dusa, na yanyanka mata ganye. Ta koyi tafiya, ta koyi wanka da ƙasa, ta koyi gudu in Fingi ta biyo ta. Ƙananan gashi suka fara tsiro mata a wuya kamar gemun saurayi, zankon ya miƙe ya yi ja. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da Inna zaune a bakin ƙofar baya, inda ta daɗe ba ta iya zuwa ba, da ƙwai a hannu. Ta ce ta ji baƙuwar kyarkyara, ta lallaɓo ta bi bango ta zo ta gani. Ƙwan Sanƙo babba ne, gwaiduwarsa fara-fara da farko, amma da ta ci gaba da cin ganye da ƙwari sai ta yi ja. Ban daina zuwa gidan Gwaggo ba. Inna ta koma cin biyu, ɗaya da safe ɗaya da rana.

Ranar awo Yaya ya ajiye mota ya zo ya raka mu. Inna ta cire takalmi ta hau. Allurar ta yi rawa, ta wuce, ta dawo, ta tsaya a kan layin, ko kaurin gashi ba ta haura ba. Nas ta sunkuya ta duba, ta kira likita shi ma ya duba. Inna ta ce in bai isa ba a miƙo mata jakarta ta riƙe. Likita ya ce ya isa. Ya ba mu rana, ya ce ta zo da sassafe, kuma tun daren jajibirin ranar kada ta ci komai, ko ruwa kada ta sha.

Na bi ta gidan Gwaggo na gaya mata. Ta ce alhamdulillahi, ta huta da ganin fuskata da asuba. Sannan ta tambayi wanda zai kula da kajina in muna asibiti, ta ce kada in kuskura in bar wa wancan mai wuƙar. Ta ce za ta riƙa zuwa da kanta.

Safiyar da za mu tafi na gama haɗa kaya, bargo, flas, buta, zannuwa. Yaya ya fita neman tasi. Na zagaya baya in zuba wa kaji ruwa, sai na ga Sanƙo ta riga ta sauke nata, ba ta taɓa yin sammako haka ba. Hannuna ya ɗauka ya kai wa Inna kafin in tuna. Tana zaune a bakin gado da mayafinta, ta karɓa, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta miƙo mini.

“An hana ni. Je ki dafa ki ci.”

Na ce a ajiye mata har ta fito. Ta ce in ta fito kaza ba ta mutu ba, za ta yi wani, wannan kuwa in ya huce ya zama na kowa. Ta ce in yi sauri kafin mota ta zo.

Na dafa shi yadda nake dafa mata. Na fasa kan da bayan cokali, na barbaɗa gishiri, na tsaya a kicin ina ci. Sai a lokacin na lura duk watannin nan ban taɓa kai ko ɗaya bakina ba. Farin laushi gare shi kamar kindirmo, gwaiduwar kuma kauri, tana kama harshe, da wani ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe da ban san ƙwai na da shi ba. Ba ƙarni ko kaɗan. Na gutsuri burodi na goge cikin ɓawon.

Inna ta tambaya daga ɗaki yaya na ji shi. Na ce ba laifi. Ta ce ƙarya nake, ta ji ƙarar cokali yana kankare ɓawo.

Tasi ta yi ham a waje. Na wanke kofin, na duba sakatar akurki, na ajiye wa Gwaggo makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Yaya ya shigo zai ɗauki Inna, ta ce ya ɗauki kaya, ita da ƙafarta za ta fita. Na riƙe mata hannu muka bi bango a hankali har bakin ƙofa.